Gwajin tufafin avata kafin ɗorawa

Gwajin tufafin avata kafin ɗorawa mataki ne a cikin aikin ƙirƙirar kayan sawa na duniyoyin kwamfuta, inda mai zane yake duba yadda riga, wando, siket ko takalmin da ya zana zai zauna a jikin avata tun kafin ya tura fayil ɗin zuwa sabar kamfanin da ke tafiyar da duniyar. Avata ita ce surar da ke wakiltar mutum a cikin irin waɗannan duniyoyi: da ita yake yawo, da ita yake hira da sauran mutane, kuma ita ake yi wa sutura. Kalmar ta samo asali ne daga harshen Sanskrit na ƙasar Indiya.

An fi sanin wannan aiki a Second Life, duniyar da kamfanin Linden Lab na birnin San Francisco a Amurka ya buɗe wa jama'a a watan Yunin 2003. A can mazauna duniyar ne ke ƙera mafi yawan abin da ake gani, kuma ana biyan kuɗi a kan hotunan da aka ɗora. Haka nan ana yin gwajin a Roblox, IMVU da VRChat, kowace da nata kayan aiki. Akwai hanyoyin gwaji da yawa, kuma kowace hanya tana da irin kuskuren da take iya tonawa da wanda ba ta iya gani. Saboda haka masu zane sukan bi su ɗaya bayan ɗaya, su fara da wadda ta fi sauri da araha, su ƙare da wadda ta fi kama da ainihin duniyar.

## Dalilan yin gwaji

Dalili na farko shi ne kuɗi. Second Life tana da kuɗinta na cikin gida mai suna dalar Linden, wanda ake rubutawa L$, kuma ana canza shi da dalar Amurka a kasuwar LindeX ta kamfanin. Tsawon shekaru farashin yana kai-komo ne a kusa da L$250 kan dala ɗaya. Kuɗin ɗora hoto ɗaya na yau da kullum L$10 ne. Wannan ba wani babban kuɗi ba ne idan sau ɗaya za a biya, amma da wuya zane ya yi daidai a karon farko. Jaket tana cin hotuna biyu, na sama da na ƙasa, wando kuma ɗaya. Idan mai zane ya gyara waɗannan hotuna uku sau goma yana sake ɗorawa, ya kashe L$300 kafin ya sayar da ko riga ɗaya. Sabon shiga mai asusun kyauta kuwa yana farawa ne ba shi da ko sisi.

Dalili na biyu shi ne hoton da aka ɗora ba ya gyaruwa. Da zarar ya shiga sabar Second Life sai a ba shi lamba ta musamman da ake kira UUID, kuma babu hanyar canza abin da ke ƙarƙashin wannan lamba. Ko ɗigo ɗaya aka so gyarawa, dole a ɗora sabon hoto, a sake biya, a sake haɗa shi da tufafin.

Dalili na uku ya shafi ciniki. Tun watan Nuwamban 2003 Linden Lab ya amince mazauna su riƙe haƙƙin mallakar abin da suka ƙirƙira, abin da ya haifar da kasuwar tufafi mai girma. Rigar da aka sayar da kuskure a jikinta tana iya kaiwa hannun masu saye da yawa kafin a gano, sannan mai shagon ya koma aika wa kowa gyararriya. A wasu duniyoyin kuma, kamar Roblox da IMVU, ana tantance kaya kafin jama'a su gan su, don haka zanen da ya saɓa wa ƙa'ida ana iya ƙin karɓar sa.

## Yadda hoto yake zama tufafi

Tsohon salon tufafin avata, wanda har yanzu ake amfani da shi, hoto ne shimfiɗaɗɗe da manhaja take naɗe jikin avata da shi. Jikin avata an gina shi ne da ƙananan alwatikai masu yawa da aka harhaɗa. Domin a san wane ɓangaren hoto zai faɗa a wane ɓangaren jiki, sai a warware fatar jikin a shimfiɗa ta a kan murabba'i, kamar yadda ake farke ɗinkin riga a baje ƙyallayenta a kan tebur. Wannan shimfiɗar ita ake kira taswirar UV. Mai zane yana buɗe taswirar a manhajar hoto irin su Photoshop ko GIMP, ya yi zanensa a kanta.

Asalin avatar Second Life tana da manyan taswirori uku: ta kai, ta saman jiki da ta ƙasan jiki. Akwai kuma ta siket da ta idanu. Linden Lab ya fitar da nasa samfuran taswirorin, amma waɗanda suka fi yaɗuwa su ne na mazauna biyu, Chip Midnight da Robin Wood, domin sun ƙara girman hoton kuma sun sa layuka masu launi a gefuna don nuna inda wannan baki zai haɗu da wancan.

Tufafin suna hawa ne falle kan falle. A saman jiki akwai fata, sai singileti, sai riga, sai jaket. A ƙasa akwai kamfai, safa, takalmi da wando. Safar hannu da siket ma kowanne da nasa falle. A shekarar 2010 an ƙara fallen zanen jiki da kuma fallen alfa, wanda ke ɓoye wani sashe na jiki gaba ɗaya. Manhaja tana haɗe duk fallayen da mutum ya saka su zama hoto ɗaya ga kowane ɓangaren jiki, aikin da masu sana'ar ke kira gashi. Da farko kwamfutar mai avatar ce ke yin wannan gashi, amma daga shekarar 2013 aikin ya koma kan sabar kamfanin. Shekaru da yawa girman gasasshen hoton bai wuce fiksel 512 sau 512 ba, ko da mai zane ya ɗora wanda ya fi haka.

Wurin da fata za ta fito, kamar wuyan riga ko gajeren hannu, ana yin sa ne da tashar alfa. Wannan wani ɓangare ne na fayil ɗin hoto da ke nuna inda ƙyalle yake da inda babu shi: fari yana nufin ƙyalle, baƙi yana nufin fili, ruwan toka kuma yadi mai shara-shara. Fayil ɗin TGA mai bit 32 yana ɗauke da tashar alfa, mai bit 24 kuwa ba shi da ita. Fayil ɗin PNG ma yana iya ɗaukar ta, amma JPEG ba ya iyawa.

## Kurakuran da ake nema

Abin da ya yi kyau a shimfiɗe ba lallai ya yi kyau a jiki ba. Waɗannan su ne matsalolin da gwaji ya fi tonawa:

- Rashin haɗuwar baki. Gaban riga da bayanta suna wurare daban-daban a kan taswira, amma a jiki suna haɗuwa a kafaɗa da gefen haƙarƙari. Idan ratsi ya goce ko da fiksel biyu ne, sai a ga ya karye a mahaɗin. Wurin da ya fi wahala shi ne ƙugu, domin saman jiki da ƙasansa hotuna ne guda biyu mabambanta.
- Miƙewar zane. Alwatikan jiki ba su yi daidai da girman da aka ba su a taswira ba. A ƙirji, kafaɗa, ɗuwawu da tsakanin cinyoyi hoton yana miƙewa, sai maɓalli mai da'ira ya koma kamar ƙwai, rubutu ya karkace. Masu zane sukan fara sa wa avata hoto mai kama da gidan dara domin su ga inda murabba'an suka lanƙwashe.
- Farin baki. Idan launin yadin ya tsaya cak a kan iyakar alfa, sai wani siririn farin layi ya bayyana a gefen wuya ko hannu. Maganinsa shi ne a bar launin ya zarce iyakar kaɗan. Haka ake yi a gefunan taswira don kada fata ta leƙo ta mahaɗi.
- Juyewar hannu. A asalin avatar Second Life hannu ɗaya ne kawai a kan taswira, kuma hannayen biyu suna amfani da shi. Duk rubutun da aka yi a hannun riga zai fito daidai a hannu ɗaya, ya fito a juye a ɗayan, kamar a madubi.
- Dusashewa. Second Life tana mayar da kowane hoto zuwa tsarin JPEG 2000, wanda ke matse fayil yana zubar da wasu bayanai. Tana kuma daidaita tsawo da faɗin hoto zuwa lambobi irin su 256, 512 ko 1024. Siririn zare, ƙananan haruffa da aikin leshi sukan dushe bayan haka.
- Haske da inuwa. A tsohon salo, ninkin yadi da inuwarsa zana su ake yi da hannu. Inuwar da ta dace da hasken rana tana iya zama kamar datti da daddare ko a ƙarƙashin fitila mai launi.

## Hanyoyin gwaji a Second Life

### Tagar ɗora hoto

Hanya mafi sauƙi tana cikin manhajar shiga Second Life kanta. Idan mutum ya zaɓi hoto domin ɗorawa, wata ƙaramar taga tana buɗewa kafin a cire kuɗi. A cikinta ana iya zaɓar a ga hoton a shimfiɗe, ko a kan kan mace ko na namiji, ko saman jiki, ko ƙasan jiki, ko siket. Ana iya juya surar, a matso da ita kusa. Idan an ga kuskure sai a soke, ba a biya komai ba.

Wannan taga tana da amfani wajen gano manyan kurakurai, kamar zanen da aka ɗora a gurbin da ba nasa ba. Amma sashe ɗaya take nunawa a lokaci guda, don haka ba a ganin yadda riga ta haɗu da wando a ƙugu. Surar da ke cikinta ba ta motsi, kuma ba ta da fata ko ƙirar jikin da mai zanen yake sawa.

### Manhajojin waje

Linden Lab ya saki fayilolin surar avata ta mace da ta namiji domin kowa ya sauke. Da su ne mai zane zai buɗe jikin a manhajar ƙira mai fuska uku irin su Blender, ya lulluɓa masa hotunansa, ya duba ta kowace kusurwa ba tare da ya shiga intanet ba. Wasu mazauna sun rubuta ƙananan manhajoji domin wannan aiki kaɗai, daga cikinsu akwai SL Clothes Previewer da AvPainter. Ta farko tana nuna hotunan a kan jiki, ta biyu kuma tana ba da damar yin zane kai tsaye a kan surar. Zane a kan sura yana rage matsalar mahaɗi sosai, domin idan aka ja layi ya ƙetare kafaɗa, manhajar ce ke raba shi tsakanin gaba da baya a kan taswira.

Raunin wannan hanya shi ne hasken da ke cikin manhajar waje daban yake da na duniyar, kuma hoton bai bi ta matsewar JPEG 2000 ba. Sau da yawa zane ya fi kyau a can fiye da yadda zai fito bayan ɗorawa.

### Duniyar gwaji ta Aditi

Second Life tana da rukunin sabobi guda biyu da jama'a ke iya shiga. Babbar duniyar sunanta Agni, ta gwaji kuma Aditi. Linden Lab yana amfani da Aditi wajen gwada sababbin manhajojin saba, amma masu zane ma suna shiga da asusunsu. Kuɗin da ake kashewa a can ba ya taɓa ainihin kuɗin mutum, saboda haka yana iya ɗora hoto sau da yawa. Wannan ce hanyar da ta fi kusa da gaskiya, domin hoton yana bin duk matakan da zai bi a babbar duniya: matsewa, gashi, haske da motsi.

Sai dai duk abin da aka ɗora a Aditi a can yake tsayawa, ba ya ƙetarowa zuwa Agni. Idan zane ya kammala dole a sake ɗora shi a babbar duniya a biya. Kayan da mutum yake gani a ma'ajiyarsa ta Aditi kwafi ne na ma'ajiyarsa ta Agni, kuma wani lokaci kwafin yana baya, ta yadda sabon jikin da ya saya bai iso can ba tukuna.

### Hotunan wucin gadi da hotunan gida

A watan Janairun 2007 Linden Lab ya buɗe lambobin manhajar shigarsa ga kowa, abin da ya ba masu sa kai damar gina nasu manhajojin. Wasu daga cikinsu, kamar Emerald da Phoenix, sun kawo ɗorawa ta wucin gadi: hoton yana shiga kyauta, ana iya sa shi a tufafi, amma yana ɓacewa bayan ɗan lokaci. Daga baya sauye-sauyen da aka yi wa sabobi sun kawo ƙarshen wannan hanya.

Abin da ya maye gurbinta shi ne tsarin Local Textures, wato hotunan gida, wanda ya shiga manhajar kamfanin a shekarar 2012 kuma yana cikin Firestorm da sauran manhajoji. Mai zane yana nuna wa manhajar fayil ɗin da ke kan kwamfutarsa, ita kuma ta sa shi a jikin avata ba tare da ta tura shi ko'ina ba. Manhajar tana lura da fayil ɗin: duk lokacin da aka gyara shi a Photoshop ko GIMP aka adana, sai tufafin ya sauya nan take. Da yawa sukan ajiye tagogin biyu gefe da gefe, suna zane a wannan suna kallon sakamako a waccan. Mai zanen ne kaɗai ke ganin hoton gida, sauran mutanen da ke kusa ba sa ganin sa, kuma haɗin ba ya dorewa bayan an fita.

### OpenSimulator

OpenSimulator manhajar saba ce ta kyauta da aka fara a shekarar 2007, wadda ke aiki da irin manhajojin shiga na Second Life. Mutum yana iya kunna ta a kwamfutarsa ya samu ƙaramar duniya tasa shi kaɗai, inda ɗora hoto ba ya cin kuɗi kuma ba ya buƙatar intanet. Tana amfani da taswirar jiki iri ɗaya da ta asalin avatar Second Life, don haka ta dace da gwajin tsohon salon tufafi. Amma jikkuna da kayan da mutum ya saya a Second Life ba sa bin sa zuwa can.

## Tufafin mesh

A shekarar 2011 Second Life ta fara karɓar mesh, wato abubuwan da aka ƙera a manhajar waje da cikakkiyar sura mai fuska uku, bayan an gwada tsarin a Aditi tun ƙarshen 2010. Rigar mesh tana da jikinta na kanta, da kauri, da ninki na gaske, kuma ana ɗora ta a kan avata kamar yadda ake sa riga. Ana ƙera ta a Blender, Maya ko Marvelous Designer, wadda ke ɗinka yadi daga ƙyallaye kamar aikin tela, sannan a fitar da ita a fayil ɗin COLLADA.

Wannan ya ƙara abubuwan da ake dubawa. Domin riga ta bi motsin jiki, ana ɗaure kowane ɗigo na surarta da ƙasusuwan avata, a ba kowane ƙashi nauyin da zai ja ɗigon da shi. A Second Life ɗigo ɗaya ba ya wuce ƙasusuwa huɗu. Idan rabon nauyin bai yi daidai ba, sai gwiwa ta huda wando idan aka zauna, ko hammata ta yage idan aka ɗaga hannu. Irin wannan kuskure ba ya bayyana a avatar da ke tsaye cik, saboda haka ake gwada riga da tafiya, gudu, zama, durƙuso da rawa. Inda jiki ya ci gaba da leƙowa, sai a haɗa rigar da fallen alfa da zai ɓoye wurin.

Kowane mesh yana da matakan bayyana guda huɗu, daga mai cikakken ƙira da ake gani a kusa zuwa mafi sauƙi da ake gani daga nesa. Tagar ɗora mesh tana nuna kowane mataki, tana kuma lissafa kuɗin ɗorawa kafin a biya, wanda ya danganta da yawan alwatikai. Mai zanen da ya rage matakan nesa fiye da kima domin ya rage kuɗi zai tarar rigarsa tana wargajewa idan aka ja kyamara baya. Manhajar Firestorm ta ƙara tsarin Local Mesh, wanda ke yi wa mesh irin abin da hotunan gida ke yi wa hoto.

Girman jiki ma matsala ce. Rigunan mesh na farko ba sa bin ƙiba ko ramar avata, don haka masu zane suka amince da girma biyar da ake yin kowace riga a kansu. A shekarar 2014 aka kawo Fitted Mesh, wanda ya sa riga ke bin wasu ma'aunan jiki. Daga nan mazauna da yawa suka koma sa jikkunan mesh da wasu shaguna suka fitar, irin su Maitreya, Belleza, Slink da Legacy. Kowane jiki da ƙirarsa da rabon nauyinsa, don haka riga ɗaya ana ɗaure ta daban ga kowane jiki, a kuma gwada ta daban. A shekarar 2019 tsarin Bakes on Mesh ya ba da damar sa tsofaffin fallayen tufafi a kan jikin mesh, ya ɗaga girman gasasshen hoto zuwa 1024 sau 1024, ya kuma ƙara gurabe na daban ga hannun hagu da ƙafar hagu.

## A sauran duniyoyi

### Roblox

Roblox, wadda David Baszucki da Erik Cassel suka ƙirƙira aka kuma sake ta a shekarar 2006, tana da tsohon salon tufafi iri uku: hoto mai murabba'i da ake mannawa a ƙirji, riga, da wando. Samfurin riga da na wando yana da faɗin fiksel 585 da tsawon 559. An raba shi gida-gida: gaba da bayan gangar jiki 128 sau 128 kowanne, gefunan hannaye da ƙafafu 64 sau 128. Da yake asalin jikin Roblox kamar tubala yake, miƙewar zane ba ta kai ta Second Life ba, amma yawan gidajen yana sa a riƙa juya gefe ko a sa hannun dama a gurbin na hagu.

Ana gwaji ne a Roblox Studio. Mai zane yana kafa surar gwaji, ya sa mata riga ko wando, ya haɗa hotonsa, sannan ya duba ba tare da ya biya kuɗin da ake karɓa wajen ɗora riga ko wando ba. Ana duba zanen a kan nau'o'in jiki biyu, R6 mai sassa shida da R15 mai sassa goma sha biyar, domin a na biyun hannu da ƙafa suna lanƙwasawa a gaɓoɓi, kuma zanen da ya faɗa kan gaɓa yana iya yankewa. A shekarar 2022 Roblox ta kawo tufafi masu fuska uku da ke hawa kan juna suna daidaita kansu da jikkuna daban-daban, kuma Studio tana da kayan aikin gwada su a kan surori da motsi iri-iri.

### IMVU

A IMVU, wadda aka kafa a shekarar 2004, yawancin kaya ana samar da su ne ta hanyar ɗaukar surar da wani ya ƙera a sauya mata hoto, sannan mai asalin surar ya samu rabonsa a kowane ciniki. Tsohuwar manhajar masu ƙirƙira sunanta Previewer, daga baya aikin ya koma cikin manhajar shiga, sannan aka fitar da IMVU Studio. A dukkansu ana ganin kayan a jikin avata kafin a miƙa shi kasuwa a biya kuɗin miƙawa. Gwaji a nan yana da wata manufa ta daban: IMVU tana da ƙa'idar mafi ƙarancin abin da tufafi za su rufe a jiki kafin a ba su izinin kowa da kowa, don haka mai zane yana auna rigarsa da wannan ƙa'ida.

### VRChat

A VRChat ana haɗa avata da tufafinta a manhajar Unity. Kayan aikin kamfanin suna da zaɓin Build & Test, wanda ke gina avatar a kwamfutar mai ita domin ya sa ta a cikin duniyar, shi kaɗai yake ganin ta. Ba a biyan kuɗin ɗorawa. Abin da aka fi dubawa shi ne nauyin avata a kan na'ura, domin tsarin yana ba kowace avata maki daga mafi kyau zuwa mafi muni bisa yawan alwatikai da kayan da ke jikinta, kuma iyakokin na'urorin Quest sun fi na kwamfuta tsauri.

## Iyakokin gwaji

Ko gwajin da ya fi kowanne kyau yana nuna abin da kwamfutar mai zane ke gani ne. Masu saye suna da na'urori masu ƙarfi daban-daban, wasu sun kashe inuwa, wasu sun rage ingancin hoto, kowa kuma da hasken da ya zaɓa. Tufafi masu shara-shara suna da wata tsohuwar matsala: idan abubuwa biyu masu alfa suka hau juna, kamar gashin kai a kan mayafi, manhaja takan rikice wajen sanin wanda ke gaba, kuma mai zane ba zai iya gwada rigarsa da kowane gashi da ke kasuwa ba. Tun shekarar 2016 manhajar Second Life tana iya ƙin nuna cikakkiyar surar avatar da kayanta suka yi nauyi fiye da iyakar da mai kallo ya sa, don haka rigar da ta yi kyau a ɗakin gwaji tana iya sa a daina ganin mai ita a wurin taro. Wannan ya sa masu shaguna da yawa suke ba wasu amintattun mutane kaya su gwada kafin a fitar da su.

## Gwajin mai saye

Akwai wani gwaji makamancin wannan a ɓangaren masu saye. Da yake yawancin tufafin Second Life ba a iya mayar da su bayan an saya, shaguna sukan ajiye samfurin gwaji kyauta ko a kan L$1. Samfurin yana da ƙira ɗaya da ainihin rigar, amma an sa masa alama, kamar rubutu a jikin yadin ko allo da ke shawagi a saman kai, wani kuma yana daina aiki bayan 'yan mintoci. Da shi mai saye yake tabbatar da cewa rigar ta dace da jikin da yake sawa, da ma'aunansa, da irin motsin da avatarsa ke yi.

## Duba kuma

- Second Life
- Roblox
- Blender
- OpenSimulator
- Taswirar UV